BAƘIN YATSAN BABA NATA'ALA

Shafi na 17

Da sunan Allah nake farawa. Masu bibiya, na ga saƙonninku, har da wadda ta ce in ban turo yau ba za ta zo Madabo ta nemo ni. Ku yi haƙuri da ni, sai na tashi daga aiki nake samun zama, kuma hannuna ba shi da sauri a waya. Ga inda muka tsaya.

*

Tun ranar Talata da ma'aikatan hukuma suka garƙame layin 'yan gawayi na wajen Ƙofar Wambai, Baba bai ci abincin kirki ba. Rumfa ashirin da uku, kowacce da sabon kwaɗo. Baba ne shugaban layin, kuma a cikinsa ya yi furfura.

Ranar Alhamis da hantsi muna zaurenmu, ina zuba masa ruwan ɗumi saboda tarin nan da ya ƙi barinsa, sai ga Baba Sule ya faɗo. Amininsa ne tun suna dakon buhu a ka, rumfarsu ma jikin juna take.

Baba ya ɗago.

"Sule, yau ko sallama babu?"

"Ban zo da ita ba, Nata'ala."

Ya miƙo mini wayarsa.

"Mikail, kai ne mai ɗan karatu. Karanta masa, kada a ce ni na ƙara gishiri."

Karatuna ba shi da yawa, amma Hausa ce, na bi ta a hankali. Shafin Ƙungiyar Inuwar Gobe ne, masu yaƙi da sare daji, inda yayata Bahijja take aiki. Sun rubuta cewa hatta masu sayar da gawayi sun goyi bayan koken da suka kai gaban hukuma a hana cinikin gawayin daji. A ƙasa ga hoton takarda, cike da yatsu.

Duk yatsun na shuɗiyar tawada ne. Guda ɗaya ne baƙi, shi ne na farko, a can sama. Kusa da shi an rubuta: Malam Nata'ala, shugaban 'yan gawayi.

Baba Sule ya ce, "Faɗa masa launin yatsan."

Na kalli Baba.

"Na ce ka faɗa masa."

"Baƙi ne, Baba."

Ba wanda zai yi musun yatsan nan. Sati uku da suka wuce ƙungiyar ta tara mu a wata makaranta a Dala, da masu ƙosai da masu shayi da 'yan layinmu. Suka nuna mana hoton injin da yake matse ƙaiƙayin shinkafa ya zama gawayi, suka ce za su kawo mana shi, su koya mana, mu ci gaba da sana'armu ba tare da an kayar da bishiya ba. Da aka tashi sai aka zagayo da takarda. Sauran 'yan layi suka sulale, ba sa son harkar takarda. Baba ya tsaya don kada a ce ya raina mutane. Aka miƙo masa tawada ya ce a'a, la'asar ta kusa, abin nan ba ya fita da wuri, kada ya ɓata masa alwala. Ya ɗaga babban yatsansa ya ce tawadar shekara arba'in tana jiki. Ya ɗan jiƙa shi da ruwan leda ya danna. Kowa ya yi dariya, har da tafi.

Dariyar nan ce yau ta zama shaida a kansa.

Baba ya ajiye kofin.

"Sule, takardar waɗanda suka zo taro ce. Haka aka ce mini."

"Wa ya ce maka?"

Baba ya kawar da kai. Ni na san wa ya ce masa, ina tsaye a wajen.

"Ka ga ni, Nata'ala, ban yi boko ba, amma ban haukace ba. Ka san dokar layi, kai ka sa ta ma. Shugaba ba ya sa hannu a takarda da sunan layi sai an zauna an yi shawara. Ka je ka dangwala kai kaɗai, 'yarka tana ofishinsu tana shan fanka, mu kuma aka zo aka rufe mu kamar ɓarayi. Matar Salisu jiya da itacen tsohon gado ta dafa wa yara abinci. Ka sani?"

"Na sani."

"To bayan la'asar layi zai zauna a gaban rumfarka. Tambaya ɗaya za a yi maka. In ka san abin da ka dangwala, ka sauka daga shugabanci, kuma ka naɗe tabarmarka. Ba mu ba kai, ko suna ko biki ko zaman makoki."

Ya karɓi wayarsa. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Da wani ne ya yi, da ban ji zafi haka ba."

Ya fita.

Baba ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya ce in ɗauko masa hularsa.

*

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki a Dala. Baba ya tsaya sau biyu a matakala yana tari kafin mu kai.

Malama Nana Khadija, shugabar ƙungiyar, tana waya tana faɗa da wani muka shiga. Tana ganin Baba ta katse, ta miƙe ta jawo masa kujera.

"Baba, sannu da zuwa. Wallahi tun Talata nake..."

"Ba zama ya kawo ni ba, Malama."

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Ba ta da ƙarfi, amma ta bushe.

"Kin zo gidana. Kin zauna a tabarmata, kin sha ruwana. Me kika ce mini?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce ba za a kashe wutar kowa ba sai an kunna masa wata."

"To ina wadda aka kunna mana?"

"Baba, ka saurare ni. Koken da muka kai a kan tireloli ne. Tirelolin Alhaji Zaharaddeen da suke kwashe dajin garinmu kowane sati suna kaiwa bakin teku. Shekara shida ina bin maganar nan. Rafin da na yi wanka ina yarinya yau yashi ne, mata sai sun yi tafiyar awa biyu su samo ruwa. Na kai hotuna, na kai sunayen ƙauyuka goma sha huɗu. Suka karɓa suka ce sun gode. Da suka tashi aiki, mai tirela ya nuna musu takardu, sai suka juyo kan masu ƙulla gawayi a leda. Ka ɗauka ni ban ji haushi ba? Yanzu ma da su nake faɗa."

"Ki ji haushinki, ni ma in ji nawa. Ni ba dajin nake gaba da shi ba. Ni ma na san buhun da nake saya bishiyar wani ce. Da ba na so a daina, da ban taka taronku ba. Tambayata ɗaya ce. Wa ya ba ki yatsana?"

Ta kalle shi kamar ba ta gane ba.

"Kai ka bayar, Baba. Takardar amincewa ce."

"Takardar waɗanda suka zo ce."

"A'a, Baba."

"Malama, ban iya karatu ba, amma kunnena lafiya yake."

Ta buɗe durowa ta zaro wani fayil, ta shimfiɗa takardar a kan tebur. Ta sa yatsa tana karanta saman: mu da muka sa hannu a ƙasa mun amince a hana...

Ni kuwa ba rubutun nake kallo ba. Bakin takardar nake kallo. Na taɓa zama wajen mai ɗaurin littafi, na san takardar da aka yanka da reza. Na ce, "Malama, don Allah ɗaga ta a hasken taga."

Ta ɗaga.

Sai ga shi ƙarara. An yanke kan takardar, an manna wani da gam. Inda aka haɗa ya fi duhu, kuma ya ɗan karkace.

Malama ta sauke takardar a hankali. Ta zauna, ita da ta jawo wa wani kujera.

"Innalillahi."

Baba ya ce, "Wa ya riƙe takardar ranar?"

Malama ta dafe goshi. Amma idonta ya tafi ƙofar ɗaki na biyu.

Labulen ya motsa. Yaya Bahijja ta fito. Ashe duk tana ji. Mayafinta ya jiƙe da hawaye ta wajen haɓa.

"Ni ce, Baba."

Ku da kuke bin labarin nan kun san Yaya Bahijja ce 'yar fari a gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ya ce "ke", ko "yarinyar nan". Ko ranar da ta gama makaranta, cewa ya yi a gaya wa yarinyar nan Allah ya yi mata albarka, alhali tana durƙushe a gabansa.

Ya juya ya dube ta sosai.

"Bahijja."

Sai ta durƙusa a gabansa.

"Bahijja, ke kika riƙo hannuna. Ke kika ce, Baba sa nan, na waɗanda suka zo ne kawai."

"A lokacin gaskiya na faɗa maka. Daga baya ne..."

"Daga baya kika sa reza."

"Baba, masu ba mu injin sun ce ba za su sake shi ba sai sun ga shaida 'yan gawayi da kansu sun yarda, kuma sun ba mu zuwa Juma'a. Na san in na kawo maganar layi, sai a yi wata ana shawara, Baba Sule ya ce a jira wane ya dawo daga ƙauye, wane ya ce sai bayan salla. Na ce ai ka riga ka yarda a bakinka, takarda ce kawai ta rage. Ban san za a haɗa ta da koken ba. Da na gani an haɗa, na kasa magana."

Malama ta ɗago a fusace.

"Kin kasa magana? Kin bar ni na tsaya gaban mutane da takardar ƙarya? Abin da muke da shi a aikin nan ɗaya ne, in muka faɗa a yarda. Mai tirela yana da lauya, yana da mota, mu gaskiyarmu kawai muke riƙe da ita. Ita kika yanke da reza."

"Anti, ki yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Baba ya ce, "Saurin me kike? Shekara arba'in ina sana'ar nan. Wata ɗaya ne zai kashe ni?"

Yaya ta ɗago kai. Sannan ta ce, a hankali, "Zai iya."

Ta ci gaba.

"Ranar da na kai ka asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinka, na ce maka likita ya ce sanyi ne. Ba haka ya ce ba. Ya ce ƙurar gawayi ta cinye gefe ɗaya. Ya ce in ba ka bar zazzage buhu ba, ba ya jin za ka ƙara damina biyu. Na san in na faɗa maka za ka ce rai na Allah ne, gobe ka koma rumfa. Gawayin injin ba ya ƙura irin wannan, Baba. Ina so ya zo kana da sauran numfashi."

Ni dai na ja da baya. Na nemi bango na jingina.

Na ɗauka Baba zai yi laushi. Sai na ga jijiyar goshinsa ta tashi.

"Ƙarya biyu ke nan."

"Baba..."

"Rumfa ashirin da uku. Ni kaɗai ne mai ƙirji a layin? Sule ba ya tari? Salisu da yake tofar da baƙar majina tun bara, shi ba uban wasu ba ne? Kin duba ubanki, kin rufe abincin gida ashirin da biyu. Wannan ne adalcin da kuke rubutawa a jikin riga?"

Ya juya wajen Malama.

"Ku masu karatu haka kuke. Kuna son mu, ban ce ba kwa son mu ba. Amma ba kwa iya jira mu gama magana. Da kun bar layi ya zauna, wallahi da yatsu ashirin da uku za ku samu, baƙaƙe, ba ɗaya ba. Ni na san yadda zan shawo kan Sule."

Malama ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Ka yi gaskiya, Baba. Laifina ne da ban duba ba, kuma ni na sa aka yaɗa hoton ba tare da na zo na tambaye ka ba. Yau zan zo layin da kaina in faɗi abin da ya faru. Zan janye takardar, in rubuta wa masu injin gaskiya, ko za su fasa su fasa. Ita kuma Bahijja ta ajiye mana katinmu na aiki."

"Ki zo ki ce me? Ki ce 'yar Nata'ala ta yanki takarda ta ci amanar ubanta? A Ƙofar Wambai? Kafin magariba maganar ta kai Madabo, kafin Juma'a ta kai kowane gidan biki. Yarinyar nan ta ƙara ɗaga kai a garin nan?"

"To sunanka fa, Baba?"

"Sunana nawa ne. Kada wanda ya tako mini layi. Kun shigo sau ɗaya da takarda, ya isa."

Ya kama hanyar ƙofa. Bai ƙara kallon Yaya ba.

"Mikail, ba ka ji komai ba."

"Baba, ai..."

"Na ce ba ka ji komai ba."

*

Muka hau adaidaita, ni da Baba. Da muka fito babban titi aka tsayar da mu, wata tirela tana wucewa. Buhunan gawayi ne an jera su sun fi tsayin katanga, an ɗaure da igiya, ga wani ma'aikaci yana ɗaga mata hannu ta wuce. Ƙurar da take zubarwa ta shigo mana. Baba ya toshe baki da hularsa yana tari har ta ɓace.

Mai adaidaita ya ce, "Ka gan su, su ba a rufe su."



Ni ba mai fushi ba ne, duk wanda ya san ni ya sani. Amma ranar na rasa wa zan ji haushi. Yaya, ko Malama, ko masu kwaɗo, ko mai tirelar da ko sunan layinmu bai sani ba. Sai na ji ina jin haushin kaina ma, da nake tsaye a wajen taron ina dariya lokacin da Baba yake dangwalawa.

Muka yi la'asar a masallacin bakin layi. Ba wanda ya ba Baba hannu bayan sallama. Wanda yake kusa da shi a sahu ma sai ya juya ɗaya gefen.

An shimfiɗa tabarmi a gaban rumfarmu, ƙarƙashin kwaɗon. Duk 'yan layi sun hallara, har da masu shayi da 'yan kallo sun yi da'ira. Aka bar wa Baba wuri shi kaɗai a tsakiya. Na zauna a bayansa, ba wanda ya hana ni.

Baba Sule ya miƙe. Bai kalli Baba ba, ƙasa yake kallo.

"Jama'a, ba doguwar magana za mu yi ba. Nata'ala, ɗazu a zaurenka ka ce mini takardar waɗanda suka zo taro ce. In haka ne, ka faɗi wanda ya yaudare ka, mu san da wa muke. Mu ba za mu taɓa ka ba, ka ci gaba da riƙonmu. In kuwa ba haka ba ne, ka san hukunci."

Sai ya ɗago, muryarsa ta sauka.

"Don Allah ka faɗi suna, Nata'ala. Suna ɗaya kawai."

Na matso na taɓa bayan rigar Baba. Ya ture hannuna ba tare da ya waiwayo ba.

Ya gyara zama. Ya ɗora hannunsa a gwiwa, baƙin yatsan yana sama kowa yana gani.

"Ba wanda ya yaudare ni. Na san abin da na dangwala."

Wurin ya ruɗe. Salisu ya tashi yana nuna shi da yatsa, wasu suna riƙe shi. Baba Sule ya rufe fuska da tafin hannu. Wani ya sunkuya ya kama bakin tabarmar da Baba yake kai zai fara naɗewa.

Sai muka ji muryar mace daga bayan da'irar.

"A dakata."

Mutane suka dare. Yaya Bahijja ce, ba takalmi a ƙafarta ɗaya, takardar nan a hannunta. Malama Nana Khadija tana bayanta tana haki.

Baba ya miƙe tsaye.

"Ke, koma gida."

Ba ta koma ba. Ta tako har bakin tabarmar maza, ta durƙusa, ta ɗaga takardar sama yadda rana za ta bi ta cikinta.

"Baba Sule, ku gafarce ni. Abin da mahaifina ya faɗa muku yanzu ba gaskiya ba ne."